Kuɗin ƙananan hukumomi: me ya sa hukuncin Kotun Ƙoli bai iso garinmu ba?

Tambaya: “Baba, barka da hutawa. Tun da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye muke ta murna a garinmu. Amma har yau asibitin sha-ka-tafinmu babu magani, kwalbatin da ruwa ya cinye yana nan yadda yake, ciyaman kuma sai a yi wata guda ba a gan shi a sakatariya ba. Shin hukuncin ne ba shi da amfani, ko gwamnoni ne suka ƙi bi? In ma an sakar musu kuɗin, anya ba sabbin ɓarayi 774 za mu samu ba? Kai da ka yi aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma, ka warware mana.”

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambayoyi uku ka haɗa: ko hukuncin yana da amfani, me ya hana shi aiki, da kuma ko ciyamomin sun cancanci a damƙa musu amanar. Ra'ayina shi ne hukuncin daidai ne, kuma ina goyon bayansa. Sai dai hanyar da kuɗi ke bi ya gyara, bai taɓa batun wanda ke ɗora ciyaman a kujera ba. Muddin gwamna ne ke zaɓar ciyaman, ko ta wace ƙofa kuɗin ya shigo, hannun gwamna zai kai gare shi. Bari in bi maka abin daki-daki, yadda na gan shi daga teburin ma'aji.

Yadda kuɗin ke tafiya

Kowane wata kwamitin rabon arziƙin ƙasa, wato FAAC, yana zama a Abuja ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. A tsarin da ake bi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60, ban da nasu kason na harajin VAT. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin naira. Kowace ƙaramar hukuma da sunanta da adadinta a takardar rabon.

To amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a zuba kason a ciki, sannan a raba bisa ƙa'idar da majalisar dokokin jiha ta shimfiɗa. Sashen ya kuma ce jiha ta ƙara musu wani abu daga kuɗin shigarta, dokar tarayya ta ƙayyade kashi 10. Wannan kashi 10 ɗin, a iya aikina, a takarda na fi saninsa.

A babban birnin jiha akwai wani zama na wata-wata na kwamitin rabon kuɗin asusun haɗin gwiwa, wanda ake kira JAAC. Kwamishinan ƙananan hukumomi ke jagoranta, ciyamomi su hallara, mu ma'aji muna baya riƙe da fayil. Nan ake yanke-yanke. A cire albashin malaman firamare a miƙa wa hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, a cire fansho da garatuti, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire kason masarautu, a cire na horar da ma'aikata. Waɗannan duk haƙƙoƙi ne na gaske, ko gwamna bai yanka ba dole ƙaramar hukuma ta biya. Ramin yana a layi na ƙarshe, wanda ake rubuta wa “ayyukan haɗin gwiwa”. Jiha za ta yanke shawarar sayen taraktoci ko takin zamani ko motocin jami'an tsaro, ko gina titi a birni, ita ta zaɓi ɗan kwangila, ita ta tsayar da farashi, sannan ta raba kuɗin a kan kowace ƙaramar hukuma. Takardar takan iso wurin zaman a buge, sa hannu kawai take jira. Na sha ganin an yanki kuɗin ƙaramar hukumar da ke can bakin iyaka don aikin da mutanenta ba za su taɓa takawa ba. Abin da ya rage, in an biya ma'aikatan sakatariya, da kyar yake isa man janareta da alawus ɗin kansiloli.

Shi ya sa ciyamanku ba ya zama a ofis. Ba kare shi nake yi ba. Amma mutumin da tun asuba masu neman kuɗin magani da na suna da na makaranta ke cika masa ƙofa, shi kuma ya san asusu fayau yake, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya tare a birni ya kashe waya.

Daga ina muka faro

Iyayenmu sun san zamanin En'e, lokacin da baitulmalin gargajiya ke tara haraji da jangali, yana biyan malamai da 'yan doka, yana gina dispensare. Akwai zalunci a tsarin, babu mai musu, kuma shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979 talakawa suka yi ta sa musu albarka. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da harajin. Wanda ya biya daga aljihunsa yana jin kuɗinsa ne ake kashewa, yana da bakin tambaya. Da kuɗi ya koma na fetur mai gangarowa daga sama, sai mutane suka ɗauke shi kamar kyauta, wanda ya samu rabonsa ne.

Gyaran 1976 ne ya mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati da tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, wajen guda 300 a lokacin. Gwamnatocin soja suka yi ta ƙirƙiro sabbi har suka kai 774 a 1996, zamanin Abacha. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Bayelsa kuma 8 kacal, kuma wannan bambancin na cikin dalilan da ya sa wasu a Kudu ba sa son a ƙarfafa su. A zamanin Babangida an taɓa biyan su kai tsaye daga tarayya, kuma a farkon shekarun 1990 aka ɗora musu nauyin albashin malaman firamare. Malamai suka yi watanni ba albashi a wurare da yawa, yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa, don tsofaffin malamai ba su manta ba.

Abin da kotu ta ce, da abin da ya biyo baya

Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara. Ranar 11 ga Yulin 2024 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Abubuwa uku ne ginshiƙinsa. Gwamna ba shi da ikon riƙe ko kashe kuɗin ƙananan hukumomi. Daga yanzu a biya su kai tsaye daga asusun tarayya. Sannan gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, kuma duk ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kada a sakar mata kaso.

Batun kantomomi ba sabo ba ne a kotun. A watan Mayun 2021 ta ce rushe zaɓaɓɓun ciyamomin Katsina da aka yi a 2015 haramun ne, haka na jihar Oyo. Amma hukuncin ya zo ne a makare, abin da suka samu shi ne umarnin a biya su haƙƙoƙinsu. Na 2024 ya fi cizo saboda ya ɗaure kantoma da kuɗi.

Me ya hana aiwatarwa? Na farko, kalmomin sashe na 162 suna nan ba a goge ba, asusun haɗin gwiwa yana rubuce a kundin. Kotu ta duba manufar sashen ne, ta ce tun da bi ta hannun jihohi ya gaza, adalci ya wajabta a biya kai tsaye. Akwai manyan lauyoyi da ke ganin kotu ta shiga aikin majalisa. Ni akanta ne, wannan muhawara ta masu baƙar riga ce, amma na ga yadda gwamnoni suka rataye a kanta. Na biyu, majalisun jihohi har yanzu su ke yin dokar tafiyar da ƙananan hukumomi ƙarƙashin sashe na 7. Jihar Anambra ta nuna hanya a watan Oktoban 2024, ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso cikin asusun bai ɗaya bayan kuɗin ya iso. Na uku, siyasa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin sakataren gwamnati George Akume, aka ba jihohi wa'adi su yi zaɓe, aka ce a buɗe asusu a Babban Banki, aka kawo sharaɗin kawo rahoton odita. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, kuɗin mafi yawan ƙananan hukumomi yana bin tsohuwar hanyarsa. Shugaban ƙasar da ke neman gwamnoni su kawo masa ƙuri'a ba ya iya matse su har iyaka, kowane ne shi, a kowace jam'iyya yake.

Wa ke zaɓen ciyaman

Wannan shi ne abin da na fi so ka tsaya a kai. Zaɓen ƙananan hukumomi ba INEC ke yi ba. Kowace jiha na da hukumar zaɓenta, gwamna ke naɗa shugabanninta, majalisar jiha ta amince, shi ke ba ta kuɗi. Ka dubi sakamakon. A Kano, APC ta lashe duka 44 a 2018 da 2021 lokacin tana mulki. A watan Oktoban 2024, NNPP na mulki, ta lashe duka 44 da kansiloli 484. A Jigawa ma a Oktoban 2024 ɗin APC ta kwashe duka 27. Jihohin PDP ma haka suke yi. Babu jam'iyyar da za ta nuna wa wata yatsa. Jiha irin Kano da aka fafata zaɓen gwamna har Kotun Ƙoli, a ce wai babu mazaɓa ko ɗaya da adawa ke da rinjaye? Ko yaro ya san ba haka ba ne.

Kaduna ta ba mu abin aunawa. A 2018 da 2021 an yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a, kuma adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. A 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta cinye duka 23.

Tun kafin ranar zaɓe ma an gama magana. A gidan gwamnati ake rubuta sunayen 'yan takara, a kira shi maslaha. Ciyaman ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi ba, kuma ba ita za ta dawo da shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ɗauka gobe Babban Banki ya tura masa kason wata cif. Da yamma waya za ta shigo daga ma'aikatar ƙananan hukumomi: ga lambar asusu, ga adadin da za a mayar na ayyukan haɗin gwiwa. In ya ƙi, majalisar jiha na iya dakatar da shi da sunan bincike, ko a zuga kansilolinsa su tsige shi. Ma'ajin da zai sa hannu a kan cekin, da daraktan mulki, ba ciyaman ke ɗaukarsu ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke naɗa su, ita ke yi musu canjin wurin aiki. Na ga abokin aikin da ya tsaya a kan ƙa'ida ya ƙi sa hannu a wata bauca, wato takardar biyan kuɗi, kafin mako ya zagayo an tura shi ƙaramar hukumar da ta fi kowace nisa da iyalinsa. Sauranmu duk mun fahimci saƙon.

Bambancin da hukuncin zai kawo a nan ɗaya ne, kuma ba na raina shi. Da, kuɗin ba ya isowa, ciyaman ya ce bai gani ba. In ya shiga asusunsa ya fitar da hannunsa, sunansa ne a kan takarda, kuma shi ba shi da rigar kariya irin ta gwamna. EFCC da ICPC na iya kama shi yana kan kujera. Wannan tsoron zai sa wasu su fara turjiya.

Sabbin ɓarayi 774?

Tsoronka na kan hanya. Ƙaramar hukuma ba gidan waliyyai ba ce. Akwai ma'aikatan bogi a takardar albashi, akwai waɗanda ba sa zuwa sai ranar da aka ji ƙarar shigar kuɗi a waya, akwai rasit na kasuwa da na tasha da ake bugawa a gefe, akwai rijiyar burtsatse ɗaya da ake biya sau biyu da suna biyu. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta ƙayyade cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu, kuma inda aka bi dokar ma an samu masu rarraba cirar kwana-kwana.

Abuja ta isa misali a ɓangarorin biyu. Ƙananan hukumominta shida INEC ke yi musu zaɓe, kuma a 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku, abin da ba ka gani a jihohi. Amma malaman firamare na Abujar nan sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Yulin 2025 saboda ba a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, yara suka zauna a gida fiye da wata uku. Ka ga zaɓe na gaskiya ma bai wadatar shi kaɗai ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa a ba su 'yanci, amma kada a bar albashin malami a hannun ciyaman. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Akwai kuma ƙananan hukumomin cikin birni masu tarin makarantu waɗanda albashin malamansu kaɗai kan kusa cinye kasonsu. A asusun haɗin gwiwa, rarar na karkara ce ke rufa musu asiri. In an raba gari kowa ya riƙe nasa, dole a san yadda za a yi da su, kuma wannan hujja ce ta gaskiya da gwamnoni ke kawowa, ko da ba don Allah suke kawo ta ba.

Duk da haka na fi son kuɗin ya sauko. Gwamna yana bayan katanga da sojoji da 'yan sanda, kai ba za ka taɓa ganinsa ba. Ciyaman kuwa ka san gidan ubansa, kun haɗu a jana'iza, matarsa na zuwa biki a unguwarku. In ya gina katafaren gida cikin wata shida kowa zai gani. Wanda ke kusa ya fi sauƙin tuhuma, in mutane sun san nawa ya karɓa.

Abin da nake ganin ya kamata

A gyara kundin tsarin mulki a goge asusun haɗin gwiwa, don a rufe bakin masu cewa kotu ta wuce gona da iri. Wannan na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma a nan ƙudurin ya mutu a zagayen da aka kammala a 2023, don majalisun jihohi ba sa ƙetare maganar gwamnoninsu. A ƙwace zaɓe daga hukumomin jihohi. Wasu na cewa a ba INEC, wasu na cewa a kafa wata hukuma ta daban. INEC na da nata laifuffukan, kuma akwai haɗarin mai mulki a Abuja ya maye gurbin gwamna wajen juya ƙananan hukumomi. Mun ga yadda gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin na Legas a 2004 kan rikicin sabbin ƙananan hukumomi, har kotu ta ce ba ta da wannan ikon. Amma tsakanin hukumar da adawa kan ci zaɓe a hannunta da wadda da kyar take ci a hannunta, na zaɓi ta farko. A sa wa'adin ciyaman a cikin kundi, shekara huɗu, yadda majalisar jiha ba za ta riƙa taƙaita shi yadda ta ga dama ba. A cire albashin malamai da na ma'aikatan lafiya da fansho tun daga tushe zuwa hukumomin da ke biyansu, a buga lissafin kowa ya gani. Sannan babban oditan ƙananan hukumomi ya samu 'yancin kansa, rahotonsa ya fito fili kowace shekara.

A jiha ɗaya na yi aikina, kuma jihohi sun bambanta. Akwai gwamnonin da ke sakin kaso mai tsoka, akwai masu barin albashi kawai. Kada ka ɗauki abin da na faɗa a matsayin hoton ko'ina, ka bincika taku.

Binciken kuwa ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet. Ku samu adadin na wata shida, ku rubuta a takarda. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ku fara da zagi a Facebook, don nan take za a ce 'yan adawa ne suka turo ku. Ku tafi da ƙungiyar ci gaban gari, da limami, da wakilin dagaci, da shugabar mata, ku fara da kansilan mazaɓarku, shi ne doka ta ɗora wa amincewa da kasafin kuɗi. Ku nemi kwafin kasafin bana, ku duba ko kwalbatinku da maganin asibitinku suna ciki. In suna ciki, ku tambayi ranar fara aiki da sunan ɗan kwangila. In ba sa ciki, ku rubuta buƙata a shigar da su a na baɗi, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. In aka hana ku takardu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta shafi jihohi ma.

In ciyaman ya ce muku kuɗin bai iso hannunsa ba, ku roƙe shi ya faɗi nawa ya iso, nawa aka yanke, da sunan me aka yanke. Da wuya ya ba ku a rubuce a zuwan farko. Ku ajiye kwafin wasiƙarku da ranar da kuka kai ta, ku koma bayan zaman JAAC na watan gaba da sabon adadin a hannu.